A Fara Da Batir: Sharhi Ga Mai Haɗa Kwamfutar Tafi-Da-Gidanka



Sharhinmu na yau na matasan nan ne, maza da mata, da suka ƙuduri aniyar haɗa kwamfutar tafi-da-gidanka da hannunsu. Galibinsu da Raspberry Pi suke farawa, wato ƙaramar kwamfutar nan da mutum zai iya rufe ta a tafin hannu, wadda wata gidauniya a birnin Kambirij na Ingila ta fara sayarwa a 2012 a kan dala 35, domin 'yan makaranta su koyi rubuta manhaja. Abin yana burge ni ƙwarai. Yaron da ya haɗa kwamfuta da kansa ya daina jin tsoron na'ura har abada.

Sai dai akwai wani tsari da kusan kowane sabon shiga yake bi, kuma shi ke jawo masa ɓacin rai. Zai sayi bod, ya sayi sikirin, ya samo ɗan ƙaramin kibod, ya yanka katako ko roba ya yi akwati mai kyau. Sai an gama komai sannan a tuna da batir, a nemi lungun da ya rage a cusa shi. Ni kuwa shawarata ita ce a juya tsarin. A fara da batir. Shi zai faɗa maka nauyin da za ka riƙa ɗauka a jaka, da awannin da za ka yi kana aiki bayan an ɗauke wuta, da irin bod ɗin da ya dace ka saya tun farko. Kuma a duk kayan da ke cikin akwatin nan, shi kaɗai ne zai iya tayar da gobara.

Mu fara da abin da kwamfutar take buƙata. Raspberry Pi bolt 5 take ci, kuma ba ta da haƙuri a kan wannan. Cajar da masu ƙera ta suke sayarwa ma bolt 5.1 take bayarwa, an ɗan ƙara ne saboda abin da zai salwanta a hanya. Da zarar wutar ta sauka ƙasa da kimanin bolt 4.63, kwamfutar za ta yi gargaɗi, a tsofaffin manhajoji da alamar walƙiya a kusurwar sikirin, a sababbi da rubutu, sannan ta rage wa kanta gudu. Idan abin ya yi tsanani sai ta mutu ta sake tashi. Wajen ƙarfin ja kuwa, kowace da nata: Pi 3 ana son a tanadar mata ampiya 2.5, Pi 4 da ta fito a 2019 ampiya 3, ita kuwa Pi 5 ta 2023 cajarta ampiya 5 ce. Za ta yi aiki da ampiya 3, amma za ta taƙaita wutar da take ba kayan da aka jona mata. Yawancin fawa bank kuwa a ampiya 3 suke tsayawa idan suna ba da bolt 5. Don haka ga mai son yawo da kwamfutarsa, ni dai Pi 4 nake gani ta fi dacewa, in kuma rubutu ne da koyon manhaja kawai, to Pi Zero 2 W, wadda cinta bai taka kara ya karya ba.

Yanzu sai lissafi, kuma ina roƙon mai sauraro ya ɗauko biro, domin nan ne aka fi yin asara. A jikin fawa bank za ka ga an rubuta 10,000 mAh da manyan baƙaƙe. Wannan lamba ita kaɗai ba ta gaya maka komai ba. Kamar ɗan kasuwa ne ya ce maka kaya dubu goma ne, bai faɗa maka naira yake nufi ko sefa ba. Sai ka san bolt ɗin da aka auna lambar a kansa. Baturan da ke cikin fawa bank bolt 3.7 ne, ba 5 ba. To ka ninka 3.7 da ampiya 10, wato dubu goman nan, ka sami 37. Wannan 37 ita ce wat-awa, ita ce ainihin wutar da ke ciki, kuma kamfanonin kirki suna rubuta ta da ƙananan baƙaƙe a gindi, da alamar Wh. Wajen ɗaga wutar daga 3.7 zuwa 5 kuma wani kaso zai tafi a zafi. Ka ƙaddara kashi 15 cikin 100 ya tafi, saura kamar 31.

Daga nan sai ka duba cin kwamfutarka. Pi 4 tana zaune ba ta aikin komai takan ci kusan wat 3, idan aka matsa mata ta kai ninki biyu. Sikirin mai inci 7 zai ƙara kamar wat 2. Ka haɗa da kibod da intanet, ka ce wat 6 a aiki na yau da kullum. Raba 31 gida 6, ka ga awa 5 ke nan. Wanda ya ɗauka dubu goma za ta kai shi daga safe zuwa dare, ƙarfe ɗayan rana zai ga sikirin ya yi duhu. Da a ce Pi Zero 2 W ce da ɗan ƙaramin sikirin, duka su ci wat 2, wannan fawa bank ɗin zai kai shi awa 15. Kun ga dalilin da na ce batir ne ke zaɓa maka bod. Kuma kada a tsaya ga lambobina. Akwai 'yar mitar da ake soka ta tsakanin caja da kebul, tana nuna bolt da ampiya nan take. Ka auna taka kwamfutar, ka rage hasken sikirin ka ga yadda lambar ke sauka da idonka.

To wane batir za a fara da shi? Ga wanda bai taɓa wannan aiki ba, amsata ba ta da kwana-kwana: fawa bank na kamfanin da aka sani, wanda aka rubuta yana ba da bolt 5 ampiya 3. An riga an haɗa masa kariya a ciki, ba sai ka taɓa dalma ba. Wasu za su ce ai wannan ba haɗi ba ne, ragwanci ne. Ban yarda ba. Wanda ya fara da abin da ba zai ƙone shi ba shi ne zai daɗe a wannan sana'a. Abu biyu kawai za ka gwada kafin ka gina akwati a kansa. Na farko, yawancinsu idan ka soka musu caja ko ka cire, sukan ɗauke wuta na ƙiftawar ido, kuma wannan ƙiftawar ta isa ta kashe kwamfuta. Wasu ma sam ba sa ba da wuta yayin da suke caji. Na biyu, wasu idan suka ji abin da ke jan wuta ya yi ƙanƙanta sai su ɗauka waya ce ta cika, su kashe kansu. Masu Pi Zero su suka fi haɗuwa da wannan.

Bari in tsaya a kan kebul, domin raina shi ake yi, alhali shi ne ke haukata mutane. Mutum zai sayi fawa bank mai tsada, kwamfuta ta ci gaba da kukan ƙarancin wuta, ya yi ta zargin bod. Siririn kebul ɗin nan mai araha, zaren tagullar da ke cikinsa idan tsawonsa ya kai mita 1, zuwa da dawowa, zai iya cinye bolt 0.8 lokacin da ake jan ampiya 2. Wutar ta fito a 5.1, ta isa a 4.3. Wayar salula ba za ta damu ba, caji dai zai yi jinkiri. Kwamfuta kuwa ba za ta lamunta ba. Gajere kuma mai kauri, wannan shi ne kebul ɗin wannan aiki. A cikin akwati ma kamu ɗaya ya isa.

Idan hannu ya faɗa, sai a zo ga matakin da matasa suka fi ɗoki, wato haɗa batir daga ƙwayoyin 18650. Su ne dogayen baturan nan da ake gani a tocila mai caji da fankar hannu, kaurinsu milimita 18, tsawonsu 65. Kowace ƙwaya idan ta cika bolt 4.2 ce, tana aiki a wajajen 3.7, kuma bai kamata a bar ta ta sauka ƙasa da 3 ba in ana son ta yi ƙarko. Fasahar litiyom ce, wadda kamfanin Sony ya fara kai wa kasuwa a 1991, kuma saboda ita aka ba John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino lambar yabo ta Nobel a 2019. Ga abin da nake so kowa ya riƙe: manyan masu ƙera ta, irin su Panasonic da Samsung da LG, ƙwayarsu mafi ɗauka a wajajen 3,500 mAh take. Saboda haka duk wadda ka gani an buga mata 6,000 ko 9,900, ƙarya ce tsagwaronta, ko me aka zana a jikinta. Ta gaskiya nauyinta kusan giram 45. Ta jabu da ka ɗaga za ka ji ta sakayau. Araha ba ta ado, jama'a, balle a kan abin da ke iya kamawa da wuta.

Da yawa daga cikin masu wannan aiki daga tsohon batir ɗin laftof suke ciro ƙwayoyi, kuma wanda ya san layin Beirut ko Farm Centre a Kano ya san ba a rasa irin waɗannan a wajen masu gyara. Dabara ce mai kyau. Batir ɗin laftof na da yawanci ƙwaya 6 ne a ciki, kuma sau da yawa biyu ne suka mutu suka ja wa sauran. Amma kowace sai an tantance ta. Ka sa mata mita. Wadda ta nuna ƙasa da bolt 2, ka rabu da ita, kada ka ce za ka farfaɗo da ita. Wadda rigarta ta yage, ko ta loɓa, ko ta yi tsatsa, ita ma haka, domin gangar jikin nan gaba ɗaya gindin batir ce, rigar ce kawai ta raba ta da kai. Sauran ka caja su kana zaune a wurin, kana taɓawa. Wadda ta ɗau zafi ta fita. Waɗanda suka cika ka ajiye su mako biyu ka sake aunawa, wadda ta zube da kanta ba ta da amana. Abin da ya tsallake wannan siraɗi shi za ka gina a kai, kuma ka haɗa masu ƙarfi ɗaya wuri ɗaya.

Haɗin kansa iri biyu ne. Akwai gefe da gefe, kai da kai, gindi da gindi. Bolt bai canja ba, awanni ne suka ƙaru. Kafin ka haɗa su haka ka tabbata mita ta nuna su daidai, domin idan ɗaya cike take ɗaya fanko, cikakkiyar za ta antaya wa ɗayar wuta ba birki. Akwai kuma jere, kan wannan a gindin waccan, inda bolt ke taruwa: biyu su ba da 7.4, uku su ba da 11.1. Ko wanne ka bi ba za ka sami 5 kai tsaye ba, sai da 'yar na'urar da ke ɗaga wuta ko mai sauke ta. A nan ina da ra'ayi mai ƙarfi. Saukewa ta fi ɗagawa sauƙi. Domin a samar wa Pi 4 cikakken ampiya 3 daga batir da ya sauka zuwa bolt 3.3, sai an ja masa fiye da ampiya 5, kuma ƙananan na'urorin ɗagawa da suka cika kasuwa, irin MT3608, zafi suke yi su saki tun ba a je ko'ina ba. Jera uku, daga 12.6 a cike zuwa 9 a ƙarshe, ka sa mai saukewa da aka yi don ampiya 5, za ka sami kwanciyar hankali. Ƙwaya uku masu 3,000 mAh kusan wat-awa 33 ke nan, dab da fawa bank ɗin da muka lissafa ɗazu. Ka ninka su zuwa shida, kowace da abokiyarta gefe da gefe, ka ninka awanninka.

Ga wani gargaɗi da ya kamata a rubuta a bangon shago. Yawancin na'urorin nan suna da ɗan noti da ake murɗawa a saita bolt, kuma ba a saite suke zuwa ba. Kada ka kuskura ka jona kwamfutarka sai ka sa mita ka murɗa har ta nuna 5.1. Bolt 12 idan ya shiga Pi, kafin ka janye hannu an gama, kuɗinka ya tafi. Haka idan ta ƙusoshin gefen bod za ka shigar da wuta, na 2 ko na 4 don ja, na 6 don baƙi, ka sani a wasu bod ɗin ka kauce wa kariyar da ke bakin ƙofar caji. Ka duba sau biyu kafin ka kunna.

Sai mai gadi, wanda masu gyara ke kira BMS. Ɗan ƙaramin bod ne da ke yanke wuta idan ƙwaya ta cika ta wuce 4.2, ko ta sauka fiye da kima, ko wayoyi suka haɗu. Babu batir ɗin litiyom da ya halatta ya shiga akwatinka ba tare da shi ba. Idan jere ka yi, nemi wanda aka yi don adadin jerenka, mai daidaita ƙwayoyin, sannan cajar ma ta zama tasa, 12.6 ga jeren uku. Kusa da kan batir kuma ka sa fis. Ɗan bod ɗin caji da kowa ya sani, TP4056, na ƙwaya ɗaya ne ko waɗanda aka haɗa gefe da gefe, ba na jere ba. Kuma yana gane batir ya cika ne idan abin da ake ja ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin goma. Idan kwamfuta na kunne tana ja, ba zai taɓa ganin wannan raguwar ba, sai ya riƙe batir a ƙololuwa yana gajiyar da shi. Wajen haɗa ƙwayoyin kuma, ɗora ƙarfen dalma a kan batir yana cutar da cikinsa. Akwai gidajen roba masu maƙalli da ake zura su ciki, su suka fi dacewa da mai koyo.

Akwai abin da littattafan da aka rubuta a ƙasashen sanyi ba sa damuwa da shi, mu kuwa dole ne. Masu ƙera waɗannan batura sun ce a caja su tsakanin digiri 0 da 45. A watan Afrilu, a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, iskar waje kanta takan haura 40. Ka ƙara da ɗakin kwano, ka ƙara da rufaffen akwati, ka ƙara da ƙwaƙwalwar Pi da kan yi zafi har ta kai digiri 80 kafin ta rage gudu. Idan ka kwantar da batir a bayan bod, dafa shi kake yi. Ka raba musu ɗaki a cikin akwatin, ka huda ƙofofin iska, ka yi caji da sassafe ko da dare a kan siminti, ba kan katifa ba, ba ƙarƙashin matashi ba, kuma ba a bar shi a tafi masallaci ko kasuwa ba. Kada wani ya ce tsoro nake bayarwa. A 2016 kamfanin Samsung, da duk injiniyoyinsa, sai da ya janye wayar Galaxy Note 7 daga kasuwannin duniya saboda baturanta na kamawa da wuta. Batir ɗin da ya kumbura kada a huda shi, kada a danne shi. Wanda ya fara huci ko wari, a fitar da shi fili nesa da kaya, a kori yara daga hayaƙin, domin guba ne. Bokitin yashi a kusurwar shago bai fi ƙarfin kowa ba.

Wanda nauyi bai dame shi ba yana da wasu ƙofofin. Batir ɗin LiFePO4, irin wanda masu sola suka koma yanzu, bolt 3.2 ne kowace ƙwaya, ya fi jure zafi, yana da wuyar kamawa da wuta, kuma yana ɗaukar caji sau dubbai. Huɗu a jere sun ba ka 12.8. Cajarsa da mai gadinsa daban ne da na 18650, kada a gauraya. Akwai kuma batir ɗin dalma mai bolt 12 ampiya 7, irin na UPS. A takarda wat-awa 84 ne, amma rabi ake so a ci, kuma nauyinsa ya haura kilo 2. Ga duk batir mai bolt 12, har da na solar gida, hanya mafi sauƙi ita ce cajar waya ta mota mai ba da ampiya 3. Aikinta ke nan tun asali, ta mayar da 12 zuwa 5.

Abin da ya rage shi ne yadda kwamfutar za ta mutu. Duk manhajar Pi a kan ɗan memori take, kuma idan wuta ta yanke tana tsakiyar rubutu, memorin na iya rikicewa ta ƙi tashi, aikin makonni ya bi ruwa. Mai gadin batir ba ya sallama, yankewa kawai yake yi. Ita kuma Pi ba ta da hanyar auna batir da kanta. Don haka ko dai ka maƙala 'yar mita mai nuna lamba a fuskar akwati ka riƙa dubawa, ko ka sa ɗan guntun nan INA219 da zai riƙa gaya wa kwamfutar bolt ɗin da ya rage, ka rubuta gajeriyar manhaja da za ta rufe komai cikin tsari idan kowace ƙwaya ta sauka wajen 3.3. Layuka kaɗan ne, kuma ga mai koyo babu darasin farko da ya fi wannan daɗi. Ka kwafi memorinka ka ajiye a gefe. Ka sa makunni tsakanin batir da sauran kaya, domin Pi ko an rufe ta tana ci gaba da tsotsar wuta kaɗan-kaɗan. Idan za ka ajiye na'urar na wata da watanni, ka bar batir a rabi, wajen 3.7 ko 3.8. Mai niyyar hawa jirgi da ita kuma, batir a jakar hannu ake riƙe shi, ba a kayan awo ba, kuma wat-awa 100 ce iyakar da ake bari ba tare da neman izinin kamfanin jirgi ba.

A nan za mu dakata.